Bazawarar Arzika

Ni na ɗinka mata maratayi,
jar fatar akuya, tufka uku,
a rumfata ta bakin Marina,
shekarar da gulbi ya ci masa gonar albasa.

A Illela ya sayo ta,
hannun wani Buzu mai tari.
Ya ba da keke, ya cika da tunkiya,
ya dawo Sakkwato a bayan motar gishiri
rungume da jita kamar mai jego.
Maza uku ta rabu da su kafin shi,
shi ya sa ya raɗa mata Bazawara.
"Labbo," ya ce mini, "wadda ta ga jiya
ita ka iya hira."

Ƙirjinta ya tsage ta hagu,
na liƙe da ƙaro da guntun ƙirgi.
Tsirkiya ta huɗu wayar birki ce,
maɗaurinta ƙusa ce da aka tanƙwara.
Inda babban yatsansa ke kwana
itacen ya lotsa, ya yi baƙi
kamar goshin mai yawan sujada.

Ba ya kiɗan biki, ba ya roƙo,
bai taɓa wasa mai kuɗi ba.
Bayan isha'i, in bango ya fara huce zafin rana,
sai ya zauna a bencin mai shayi,
ya ja tsirkiya ɗaya, ya danne ta, ya karkata,
har ta yi kukan igiyar guga
a bakin rijiya mai gaba ashirin.
Direbobin Kwannawa su kashe rediyo.
Ya yi ta bashin taki,
ya yi ta jakin da ya mutu ranar kasuwa,
ya yi ta ƙanensa Jabbi
da ya tafi ci-rani Kwatano da buta ɗaya,
har yau ko wasiƙa.
Wani ya ajiye naira biyar, wani goro,
wani ya tashi ba sallama don kar a ga idonsa.

Kaset ya yi tafiyar da shi bai yi ba.
Ran nan sai ga akwati daga ƙetare,
jita sabuwa, tana walƙiya kamar tasa,
an rubuta Arzika a wuyanta da ruwan zinariya.
Wai irinta ɗari za su ƙera,
har da tabon yatsa, an zana shi da fenti.
Unguwa ta taru.
Ya ɗauka, ya shafa, ya kaɗa sau biyu,
murya garau, ba inda ta yi gargada.
Ya daɗe shiru.
"Wagga ba ta taɓa kwana da yunwa ba," ya ce,
ya miƙa wa jikansa.
Akwatin kuwa, kazar Ige ta yi ƙwai tara a ciki.

Da hannun hagu ya shanye
bai yi kuka a gabanmu ba.
Yakan ɗora ta a cinya da hantsi,
ya bugi tsirkiyu da dama, haka nan a sake,
su yi ta tambaya, ba mai danne su su ba da amsa.

Ranar sadakar uku Ige ta aiko mini da ita
cikin tsohon zane,
wai ya ce mai maratayi shi ya san nauyinta.
Ni da ban iya ko gurmi ba.

Tana nan rataye tsakanin linzami da layu.
Masu saye sun zo sau biyu, na ce tana takaba.
Amma in tirelar siminti ta taso daga Kalambaina
ta girgiza kwanon rumfa,
wayar birkin nan takan yi gunaguni ita kaɗai,
ƙasa-ƙasa, kamar gyaran murya.
Sai in ajiye basilla
in jira baitin farko.